Inda Kawu Ya Manna Taswira

Ni dai ban taɓa son unguwar da Kawuna yake zaune a Paris ba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Da ka fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Porte de la Chapelle, ƙarar manyan motoci a gadar sama ce take fara tarbarka, sai zarnin fitsari a gindin ginshiƙai, sai mutane zaune a kan kwali suna jiran takardun da babu wanda ya san ranar fitowarsu. Wasu sun baza tsofaffin takalma da cajar waya a ƙasa, ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan 'yan sanda. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya fi shekara talatin a ɗaki guda a bayan wannan hargitsi. Na roƙe shi ya dawo Lyon kusa da ni har bakina ya gaji, amsarsa kullum ita ce wai ya saba.

Wata Asabar cikin sanyi ya sa na hau jirgin ƙasa na je. A waya ya ce mini likitoci za su buɗe masa ƙirji su gyara zuciya nan da kwana goma sha biyu, kuma akwai aikin da zai ba ni wanda ba a faɗa a waya. Na tafi cike da haushi, don sai da aka sa rana sannan ya ga damar gaya mini ba shi da lafiya.

Na same shi ya rame, rigarsa tana rataye a kafaɗa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya kamar ni ce na zo daga can jiya. Da na fara faɗan da na taho da shi, sai ya ɗaga mini hannu, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ciro wata tsohuwar ambulan. A ciki akwai doguwar taswira, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, an ninke ta gaba da baya. Takardar ta yi ja-ja don tsufa. An ja baƙin layi a tsakiyarta daga farko har ƙarshe, an yi masa tsaga-tsaga a jere, kowace da lambarta.

Taswira sana'ata ce. Ita na karanta a jami'a a Bron, gefen Lyon, kuma da ita nake cin abinci a wani ofis da ke zana hanyoyin bututun ruwa. Amma ban taɓa riƙe irin wannan ba. Abin da na sani game da ƙuruciyar Kawu kaɗan ne: a gida ana cewa ya tafi Faransa koyon tuƙin jirgin soja tun ba a haife ni ba, daga nan sai a canza magana. Ni a direban motar raba kaya na san shi, har ya yi ritaya.

"Ɗiyata," ya ce, "lokacinmu babu wannan abin na cikin wayarku da ke cewa bi dama, bi hagu. Ana koya muna tashi ƙasa-ƙasa, kusa da kan itatuwa, don kada abokan gaba su hange mu. A wannan gudun, kafin ki ce wancan wane gari ne, kin wuce shi. Abu uku gare ki: agogo, kart wato taswira, da ƙasa. Kin ga tsagogin nan? Kowace minti guda ce. Ki dubi agogo tukuna. In ya ce minti bakwai, ki sa babban yatsa kan bakwai, ki ga mi ke wurin, gada ce ko hasumiyar coci, sannan ki ɗaga kai ki neme ta a waje. In girgije ya rufe ƙasa, voilà, saura ke da agogo da takarda. Abin da takarda ta ce, shi ne gaskiya."

Yana magana yatsansa yana bin layin.

Su biyu ne masu jin Hausa a rukuninsu, shi da wani ɗan Tawa, ɗakinsu ɗaya. Tun kafin ya ƙarasa na gane wanda yake nufi. Ƙanen Hajiya ne, mai kantin atamfa da turare a unguwar Guillotière ta Lyon, wadda ta riƙe ni wata takwas a gidanta lokacin da na sauka Lyon ban san kowa ba, don kawai Kawu ya ce ta riƙe ni. Na san tana da ƙane da ya rasu a jirgi, na kuma san tun daga nan take kiran Kawu ƙanenta. Iyakar sanina ke nan.

Doka ce, in ji Kawu, kowa ya shirya taswirarsa da hannunsa. Amma shi ɗan tela ne, ya tashi da almakashi, babu wanda ya kai shi iya yanka da manni, abokin kuwa hannunsa kamar na mai faskare. Wata safiya aka canza musu hanya saboda hadari, lokaci ya ƙure. Sabuwar hanyar ta ratsa takardu biyu, dole a yanke gefen ɗaya a manna ta a kan ɗayar. Kawu ya haɗa tasa da ta abokin ya yanka su tare, yadda mahaifinsa yake ninka yadi ya fitar da hannun riga biyu a yanka ɗaya. Ya manna, ya ja layi, ya sa mintoci, ya miƙa wa abokin tasa a ɓoye. Abokin ya fara tashi, shi kaɗai a jirgi. Kawu yana zaune da hular ƙarfe a cinya yana jiran nasa lokaci aka zo aka ce an soke tashi.

An sami jirgin a jikin wani dogon dutse, kaɗan ya rage ya haye. Masu bincike suka ce ya sauko daga cikin girgije tun lokaci bai yi ba, ya karya umarni. Taswirarsa ta ƙone. Sun tara 'yan rukunin sun tambaya ko akwai wanda ya ga lokacin da yake shirya ta, Kawu ya yi shiru. Bayan wata biyu shi ma aka sallame shi, don da ya hau jirgi sai amai. Bai koma gida ba.

"Mutumin nan bai taɓa riga agogo ba," ya ce. "Ko shayi ne sai ya duba montur, agogon hannunsa. Wannan tawa ce, tagwayen tasa. Ki je ki auna mini ita da ta gaskiya. In lafiya take, in shiga aikin nan da raina kwance. In ba lafiya ba, sai na ga Hajiya kafin su kwantar da ni."

Na ce, "Kawu, ai kai ma ka iya awo."

Ya ce idonsa ya mutu. Na dube shi, ya kau da kai, don mun san ba shekara arba'in idon ya yi a mace ba.

Ranar Litinin da rana na bar ofis na hau taram, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa Bron. A ɗakin ajiyar taswirori na jami'a akwai manyan durowoyi da babu mai buɗe su sai irinmu. Matar da ke kula da wurin ta nemo mini takardu biyun, bugu ɗaya da na Kawu, ta koma kujerarta. Na shimfiɗa su a tebur, na kwantar da tasa a gefe. Daga wata gada, inda aka sa sifili, zuwa kan dutsen nake son aunawa. Na auna a tasa na rubuta. Na auna a na jami'a na rubuta. Ba su zo ɗaya ba. Na ce hannuna ne, na sake. Sai da na auna sau biyar, kowane karo ta Kawu tana gaza da faɗin yatsa ɗaya da rabi.

Na ɗaga ta na kara a gilashin taga. Hasken ya ratsa wurin mannin, sai ga inuwar sunayen ƙauyuka biyu kwance a ƙarƙashin takardar sama, da ɗan rafi a tsakaninsu. Ya ɗora takardar ta wuce inda ya kamata ta tsaya, ta haɗiye wannan yanki. Na kuma ga abin da ya yaudare shi. Wata hanyar jirgin ƙasa ce miƙaƙƙiya sak take ratsa gaɓar, da ita ya daidaita, kuma miƙaƙƙen layi duk yadda ka zame takarda a kansa zai nuna maka ya haɗu. A gudun jirginsu, yatsa ɗaya da rabin nan kusan minti guda ne. Agogo da takarda sun gaya wa mutumin ya riga ya haye dutse, ya sauko neman ƙasa, alhali dutsen yana gabansa. Bai karya umarnin kowa ba.

Na zauna a wurin har matar ta zo ta tambaye ni ko lafiya. Tausayin Kawu ya kama ni, amma gaskiya haushinsa ya fi yawa. Aikin minti biyar ne da ma'auni. Ya ajiye shi shekara da shekaru a ƙarƙashin gado, yanzu da mutuwa ta leƙo ya ɗora mini.

A hanyar gida na yanke shawarar yi masa ƙarya. Tsoho ne mai ciwon zuciya, wanda ya mutu ya riga ya mutu, wa gaskiyar za ta amfana? Ƙafata kuma ta kai ni Guillotière ba da niyya ba. Hajiya tana bayan kanta tana auna wa wata 'yar Mali leshi. Da ta gan ni ta saki awon ta hau tambaya: yaya ƙanenta, yana cin abinci, wace rana ce aikin, ta sa a yi masa saukar Alƙur'ani a Tawa. Na amsa da ka, na ce sauri nake, na fito kamar ɓarauniya.

Bayan la'asar na kira shi. Na ce, "Kawu, na auna. Lafiya lau take."

Ina jin ƙarar motocin gadar nan ta tagarsa. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Santimita nawa daga gada zuwa dutse?"

Na faɗa masa.

"Wannan a tawa ke nan, na san shi da ka. A tasu fa?"

Ban shirya wa wannan ba. Na buɗe baki lambar ƙarya ta ƙi zuwa, sai kawai na fashe. Na ce masa ashe ya san lambar tasa da ka, to me ya hana shi shiga kowane kantin littattafai ya auna ɗayar tun ina cikin zanen goyo? Na ce bai kyauta mini ba, bai kyauta wa kowa ba. Ban taɓa ɗaga wa babba murya haka ba, har yau in na tuna kunya nake ji. Ya bar ni na gama, ya sake tambayar lambar, na faɗa masa ta gaskiya.

"Minti guda," ya ce a hankali. "To. Ki gaya wa Hajiya ina zuwa Alhamis."

Na roƙe shi. Na ce ya yi yadda kowa yake yi kafin aikin asibiti ko tafiya Makka, ya ce a yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ita ma ta ce ta yafe, shi ke nan. Ya ce irin wannan yafiyar ya karɓa daga bakinta ya fi sau goma, duk Salla. Ya ce wanda take yafe wa wani mutum ne dabam, ba shi ba.

Ranar Alhamis na tarbe shi a tasha. Matakalar gidan Hajiya, a saman kantin, hawa biyu ce kawai, amma sai da muka tsaya sau uku yana riƙe da ƙarfe. Ta rufe kanti dominsa, ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka ba gishiri sosai saboda ciwonsa. Ta nuna masa kujera, ya wuce ta ya zauna a ƙasa gabanta, ya cire hula.

"Yaya, gafara na zo nema."

"Haba ƙanena," ta ce tana dariya. "Na yafe duniya da lahira. Tashi ka ci tuwo tun bai huce ba."

"Ki bari ki ji mi za ki yafe tukuna."

Ya warware taswirar a kan darduma. Ya yi mata bayani yadda ya yi mini, agogo da takarda da ƙasa, ya nuna mata gadar, ya nuna dutsen, ya sa yatsa a kan mannin. Bai rage komai ba, har tambayar da aka yi musu da shirun da ya yi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon dariyar tana barin fuskarta. Da ya gama ba shi ta duba ba, ni ta duba.

"Ke da kinka yi karatun abin, gaskiya na?"

Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Ni na auna."

"Ke nan bai ƙi jin magana ba?"

"Bai ƙi ba. Abin da takarda ta ce masa shi ya bi."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Mun daɗe muna jin tana buɗe durowa tana rufewa. Ta fito da wata wasiƙa a cikin leda, duk ta karye a wuraren ninki, ta miƙo mini ta ce in karanta layin da aka ja wa biro. Faransanci ne na hukuma, gajere: marigayin ya sauko ƙasa da tsayin da aka umarce shi.

Ta zauna, ta yi magana tana kallon bango. Ta ce mahaifinsu tsohon soja ne, a wurinsa babu abin kunya kamar a ce soja ya karya umarni. Wasiƙar ta iso ana zaman makoki, ya ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta ya fassara a gaban jama'a, don ya zaci yabo ne a ciki. Da aka kai wannan layin ya ce ashe taurin kai ne ya kashe shi, ya tashi ya shige gida. Har ya bar duniya bai sake kiran sunan ɗan ba, ya kuma hana a mayar da sunan a kan kowane jariri a zuri'arsa. Ita kanta ta haifi maza uku, babu wanda ta isa ta sa wa. Mahaifiyarsu kuwa sai ta faki ido take yi masa sadaka, kamar mai aikata laifi.

"Kana zuwa gidanga," ta ce, yanzu shi take kallo. "Baba na da rai shekara goma sha ɗaya bayan abin. Inna ta fi haka. Na riƙa ba ka labarinsu a nan inda kake zaune."

Kawu bai ɗago ba. Hawaye yana ɗiga a kan hular da ke hannunsa.

"Mannin na yafe," ta ce. "Hannu na, gaggawa ta, kuma kwanansa ya ƙare. Taimakonsa ka yi niyya. Wanga na yafe har ga Allah. Amma sun tambaye ka, ka yi shiru, ka bar shi da laifi a kabari. Wanga ba nawa ba ne balle in yafe. Na Baba na da Inna, su kau suna ƙasa."

Ya ce, "Yaya…"

"Kada ka ƙara ce mini Yaya yau."

Ta jawo taswirar gabanta ta ninke da kanta, ta ce ta zama tata. Ta ce in rubuta mata abin da na auna, da Faransanci da Hausa, in sa hannu, za ta kai Tawa a karanta a gaban waɗanda suka rage cikin masu jin wasiƙar farko. Sannan ta ɗauki faifai ta rufe tuwon. Babu wanda ya ci.

A tasha na kasa dubansa. Ina jin kamar ni na kai shi mayanka, ina kuma jin da na sake samun dama ƙaryar zan gyara ta zauna da kyau. Da jirgi ya tsaya ya dafa kafaɗata don ya hau, ya ce in rubuta takardar da kyau, kada in sassauta saboda shi, in sa sunansa a ciki. Na sa.

An yi aikin, ya tashi. Likitoci suka ce zuciyar za ta kai shi wasu shekaru, ban ga ya yi murna ba. Na yi mako biyu ina jinyarsa a ɗakin nan, duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya juyo ya dube ni. Hajiya ta kira sau ɗaya, wayata ta kira, ta tambaya ko ya farfaɗo. Na ce ya farfaɗo, ga shi ma kusa. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta kashe.

Ta je Tawa da rani, an karanta takardata a zauren gidansu. Tsofaffi huɗu ne kawai suka rage cikin waɗanda suka ji ta farko. Ni har yanzu ina zuwa kantinta, tana karɓata kamar da, amma in na kawo zancen Kawu sai ta tambaye ni yaya aiki.

A watan jiya matar babban ɗanta ta haihu a Bron, namiji, aka raɗa masa sunan marigayin. An cika gida, an yanka rago, Hajiya ta yi kuka ta yi dariya. Da na dawo na kira Kawu na gaya masa, don na ga bai kamata ya ji a bakin wani ba. Ya yi hamdala ya fi sau uku, ya sa na maimaita masa sunan, ya tambaya ko yaron yana da lafiya. Sannan ya ƙara tambaya ɗaya.

"Ta ce in zo in gan shi?"

Na ce, "Ba ta ce ba, Kawu."

Ya ce to, in ta ce, in kira shi ko yana barci.